"Da Sauƙi" Ce Ta Cinye Min Miji A Bayan Dutse

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina jajanta wa mutane, ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana ni ma zan rubuto ba. Ina roƙo a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba.

A lokacin da abin ya faru ni ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja, da yarana, muna zaune a Kado, can wajen kasuwar kifi. Ni mace ce mai karance-karance, irin wadda ko maganin tari aka ba ta sai ta karance takardar ciki kaf kafin ta kai shi baki. Maigidana kuwa mataimakin darakta ne a wata hukuma, dogo, mai jiki, mai barkwanci, kuma wallahi mutumin kirki ne, wannan ba zan tauye masa ba ko da ina cikin fushi. Aibinsa guda ɗaya ne, bai yarda a gan shi cikin rauni ba. Zazzaɓi zai kwantar da shi yana rawar ɗari, amma da zarar waya ta yi ƙara zai gyara murya ya ce lafiya lau, yana nan yana ɗan duba takardu. Ina yi masa tsiya a kan haka, shi ma yana dariya. Da likita ya ce yana da ciwon suga ga hawan jini, dole ya rage tumbi ya riƙa motsa jiki, sai wani abokin aikinsa ya jefa shi cikin wani guruf na masu hawan dutse ranar Asabar. Shi ya kawo maganar gida, ba ni ba. Ina so a riƙe wannan. Ni binsa kawai na yi, don na san halin kayana.

Jagoran guruf ɗin wani magidanci ne mai matsakaicin shekaru, iyayensa 'yan Binuwai, shi kuwa a Mararaba aka haife shi. Hausa a bakinsa kamar ruwa, amma Hausar kasuwa da tasha ce, wani lokacin har ya ce min "kai" maimakon "ke", mu yi ta dariya. Mutum ne mai kula, ba ya barin kowa a baya. Shi ya tura mana wani ɗan littafi ta waya, da Turanci, a kan yadda mutum zai tsira da ransa a daji: idan ka ɓata, idan maciji ya sare ka, idan ruwa ya ƙare, idan zafin rana ya buge mutum. Ina jin duk guruf ɗin ni kaɗai na buɗe shi. Na karanta, na sake karantawa, na sayi jakar goyo na zuba usur da ƙullin gishiri da sukari da dabino da tsohon zani. Kai, na sha tsiya! Maigidana da kansa yake nuna wa mutane jakar yana cewa su yi hankali da madam, yaƙi ta zo, ba yawo ba. 'Yan matan guruf ɗin, masu hoto a kan kowane dutse, suka raɗa min Hajiya Mai Usur. Ban damu ba, na ce ku yi ta yi.

Ranar da abin ya faru ƙarshen bazara ne, ruwan farko bai sauka ba, irin lokacin nan da tun da safe iska ke fitowa da zafi. Wasu tsaunuka ne a bayan Bwari da ba mu taɓa hawa ba. An ce a fito da sassafe, amma mutanen Abuja ne, sai da rana ta ɗaga sosai muka gama jiran masu makara. Tun a farkon hawa na lura maigidana ba ya jan mutane da hira kamar yadda ya saba. Da muka yi nisa sai ya fara tsayawa wai yana gyara igiyar kambas. Daga baya ya zauna a gindin wata kaɗanya, ya ce kansa na sara, ya juya baya ya yi amai. Sauran suka yi gaba ba su lura ba. Na jiƙa masa gishiri da sukari, ya kurɓa kaɗan ya ture, wai ɗanɗanon na tayar masa da zuciya.

Muna nan sai ga jagoran ya dawo da sassarfa, da wasu mata biyu a bayansa, ƙananan ma'aikata a ofishin maigidana. Ya durƙusa ya tambayi oga ya jiki. Ina kallo mutumin nan ya gyara zama, ya ƙaƙalo murmushi, ya ce alhamdulillahi, da sauƙi. Na yi caraf na ce babu wani sauƙi, yanzun nan ya yi amai, jiri yake gani, a taimaka a sauke shi. Sai ya yi dariya ya ce wa jagoran kada ya biye min, tun da na haddace littafin nan nasa ko atishawa aka yi sai in ce a kira motar asibiti. Matan suka yi dariya. Sannan ya juyo ya yi min wani kallo wanda duk matar aure ta san shi, kallon kada ki kuskura ki zubar min da girma a gaban yaran ofishina. Jagoran ya dube ni, ya dubi oga. To wa zai ɗauka? Mai jikin ya ce da sauƙi. Na ga kafaɗun jagoran sun sauka, hankalinsa ya kwanta. Ya ajiye mana gorar ruwansa, ya ce mu huta a nan kada mu motsa, za su taɓa ƙololuwa su biyo ta nan mu sauka tare.

Ko ɓacewa ba su gama yi ba maigidana ya miƙe. Wai shi ba za a dawo a tarar da shi zaune a gindin bishiya kamar tsoho ba, ranar Litinin duk hukumar ta ɗauka. Gara mu sauka mu jira su a mota, in sun zo ya ce waya ce ta gaggawa ta sauko da shi. Na ce masa abu na farko da littafin ya ce shi ne mutum ya tsaya inda aka san yana nan. Ya ce in ci gaba da zama da littafina, shi ya tafi. Haba jama'a, ya zan yi? In bar shi ya gangara shi kaɗai yana tangaɗi? Na saɓi jaka na bi shi ina mita. Wanda bai taɓa hawa irin duwatsun nan ba ba zai gane ba: a kan falalen dutse babu sawu, babu hanya, kowane gefe kamar ɗan'uwansa. Shi yana gaba yana cewa nan ne, ni ina baya ina cewa ban tuna mun wuce wannan ba. Muka yi ta gangara har muka faɗa wani kwazazzabo, busasshen rafi a ƙasa, ƙaya da duwatsu ta ko'ina. Babu mota, babu gona, babu ko kukan akuya. Ashe bayan dutsen muka sauka. Nan ƙafafunsa suka ƙi, ya zube.

Abin da zan faɗa a kan littafin nan shi ne bai yi min ƙarya ba. Duk abin da ya ce na yi. Na ja shi ƙarƙashin wani dutse mai inuwa, na cire masa takalmi da riga, na jiƙa zanin na shafe masa wuya da hammata, na yi ta yi masa fifita da hularsa, ina ɗiga masa ruwa kaɗan-kaɗan. Na busa usur har kunnena ya toshe, amma dutsen ya tare sautin, mutanenmu suna can ɗaya gefen. Wayata babu sabis ko ɗigo. Tasa kuwa, da yake layinmu daban, sabis na leƙowa yana ɓacewa. Na ce ya ba ni in kira, ya ce in bari ya ɗan huta zai tashi, ba sai an tara masa jama'a ba.

Can sai wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Jagoran ne, sun dawo gindin kaɗanyar ba su gan mu ba. Wallahi sai da na ji kamar an sauke min dutsen daga ka. Na miƙa hannu, ya kauce. Mutumin da ko zama ba ya iya yi sai na tallafe shi, ya tattaro sauran ƙarfinsa ya zuba a murya. Ina ji da kunnena ya ce alhamdulillahi jiki da sauƙi sosai, mun biyo wata 'yar gajeriyar hanya ce, muna nan tafe, kada a tsare mutane saboda mu, kowa ya kama gabansa. Na ƙwalla ihu ina cewa ƙarya ne, mun ɓata, amma ya riga ya katse, ya tura wayar ƙarƙashin cinyarsa.

Edita, tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ɗaga masa murya irin ta ranar ba. Na ce masa girman kai zai kashe shi ya bar ni da marayu. Na ce ofishin da yake tsoron a yi masa dariya, ranar da ya mutu kafin a share makoki an ba wani kujerarsa. Na faɗi maganganun da ba zan iya rubutawa a nan ba. Shi kuma ya ce ni ba ni da tawakkali, ba ni da kunya, ina so in mai da shi abin nuni. Wannan faɗan shi ne hira ta ƙarshe da muka yi yana cikin cikakken hankalinsa, kuma ita nake kwana da ita nake tashi da ita.

Ba a daɗe ba na ga abin da littafin ya ce in an gani to an shiga haɗari. Gumi ya ɗauke masa ƙaf, fatarsa ta bushe ta yi zafi kamar murfin tukunya. Ya fara kirana da sunan sakatariyarsa yana tambaya ko an kai fayil sama. Na zaro wayar, na kama yatsansa na danna ta buɗe, sai na ga sabis ya tafi. Dole na bar shi kwance na rarrafa sama, ƙaya na yagar min hannu, ina waiwayensa ina salati, har na samu inda waya ta shiga. Da jagoran ya ɗauka ban yi sallama ba, ban gaishe shi ba. Na ce mijina mutuwa zai yi, mun ɓata a bayan dutse, ya daina gane ni. Na ji ya kira sunan Yesu da ƙarfi. Ya tambayi inda muke, na ce ban sani ba, rafi ne busasshe, rana tana hannun damana, zan yi ta busa usur. Ya ruga ƙauyen da ke kusa ya samo maza, suka zagayo dutsen. Usur ɗin nan da aka yi ta yi min dariya a kansa, shi suka biyo har suka same mu, la'asar ta yi sakaliya. A cikin zanina aka ɗauko shi, mutum huɗu suna nishi.

A asibiti likitan ya tambaye ni tun yaushe yake cikin wannan hali. Da na faɗa masa sai ya ci gaba da rubutu, ni kuma na gane an makara. Ƙodojinsa sun tsaya. Aka shiga wankin ƙoda, yau a ce an ga alama, gobe a ce a ƙara haƙuri. A makonnin nan ne na zauna na saurari kalmar nan ta "da sauƙi" da kyau, har na fara tsanarta. Masu dubiya su shigo su ce ya jiki, 'yan'uwansa su haɗa baki su ce da sauƙi, alhali mutum ya kumbura ba ya ko buɗe ido. Wani dattijo a gadon kusa da mu, da safe ina ji 'yarsa tana gaya wa wani a waya cewa da sauƙi, kafin azahar an ja masa mayafi. Ni da aka tambaye ni na ce babu sauƙi, jiki ya tsananta, sai yayar maigidana ta ja ni gefe ta ce in daina yi wa ɗan'uwanta mugun baki. Wata safiya, ina shafa masa man zaitun a ƙafa, Allah ya karɓi abinsa.

Na san ajali ne, don Allah kada wani ya rubuto ya yi min wa'azi, na yi islamiyya. Amma abin da ya biyo baya ba ajali ba ne, halin mutane ne. Tun ba a yi sadakar uku ba magana ta zagaya dangi cewa 'yar boko ta karanta littafin Turawa ta ja musu ɗan'uwa daji, mai ciwon suga, cikin rana, har ma ta tafi ta bar shi kwance shi kaɗai. Yayar tasa ce ta faɗa a tsakar gidana, a gaban 'ya'yana, tana kallon wani wajen kamar ba da ni take ba. Babu wanda ya tambaye ni abin da ya faru. Da na buɗe baki zan ce shi ya ƙi a taimake shi, sai aka ce haba, ba a faɗin laifin mamaci. Matan nan biyu na ofishinsu, da suka ji da kunnensu lokacin da na ce a sauke shi, sun zo gaisuwa sun sha kunu sun tafi, ko ɗaya ba ta ce uffan ba. 'Yan guruf kuwa sun cika waya da addu'o'i da hoton kuka, Asabar ta zagayo suka sa sabbin hotuna a kan wani dutsen suna ɗaga yatsu biyu.

Mutum ɗaya ne ya zo min da gaskiya, jagoran nan. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa, sai da na sa aka shigo da shi. Ya zauna a ƙasa yana kuka kamar ba namiji ba. Ya ce min bayan wayar farko ya sallami kowa kamar yadda oga ya ce, amma shi bai tafi ba, ya zauna a inuwa kusa da motarmu yana jiranmu, har gyaɗa ya saya yana ci, hankalinsa kwance. Duk tsawon lokacin da nake busa usur ina kuka, mutumin da zai cece mu yana zaune dutse ɗaya ne tsakaninmu. Ya tambaye ni, madam, don Allah me ya sa oga ya ce masa da sauƙi? Shi a saninsa in an ce da sauƙi, to an samu sauƙi. Na ce masa mu haka muke faɗa, ko mutum yana gargara haka za a ce, godiya ce ga Allah, ba labarin jiki ba ne. Ya zuba min ido. Ya ce a cikin Hausawa ya tashi, da su ya yi wasa, da su yake ci, amma ba wanda ya taɓa gaya masa haka, kuma da ya sani da ko oga zai zage shi sai ya saɓo shi a kafaɗa tun daga gindin bishiyar. Na yarda da shi. Ya daina kai mutane dutse tun daga lokacin, kuma ban taɓa riƙe shi da komai ba.

Shi ya sa na rubuto. Yanzu hawan dutse ya zama abin yayi a Abuja, kowace Asabar za ka ga motoci sun nufi bayan gari, manya da tumbinsu da magungunansu a aljihu. Ban ce kada a je ba. Amma ku karanta 'yan littattafan nan, ba don ado aka rubuta su ba, ni shaida ce, ba don usur da jiƙaƙƙen zani ba da a kwazazzabon nan zai cika. Ku ɗauki ruwa fiye da yadda kuke zato, ku fita kafin rana ta yi, in an ce ku tsaya a wuri ku tsaya. Sai dai akwai abin da babu shi a littafin, don waɗanda suka rubuta shi ba su san mu ba: sun ɗauka wanda ke ciwo zai ce yana ciwo. Ku masu jagorantar mutane, musamman waɗanda suka koyi Hausa a gari, in Bahaushe ya ce muku da sauƙi kada ku tafi, ku taɓa jikinsa, ku sa shi ya miƙe ya taka ku gani, ku saurari matarsa. Ku kuma mazajenmu, ku ji tsoron Allah. Gode wa Allah daban, gaya wa mai taimako gaskiya daban, kuma ba a rage wa kowa matsayi a ofis don ya ce ya gaji. 'Yan'uwana mata, in rai ne a tsakani, ku bar maigida ya yi ta harararku, ku yi ihu tun mutane suna kusa, gara ya yi wata guda ba ya cin abincinki.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar jana'iza, da aka gama shirya shi, aka kira ni in yi masa addu'a, wata gwaggonsa ta dafa ni ta ce in yafe masa duk abin da ke tsakaninmu kafin a fita da shi. Ɗaki cike da mutane ana jirana. Na ce na yafe. Bakina ne ya faɗa, don haka ake faɗa. Kullum ina roƙa masa rahama a sujada, ina kewarsa har ƙirjina ya yi ciwo, amma har yau in na tuna yadda ya tura wayar nan ƙarƙashin cinyarsa sai in ji raina ya ɓaci kamar yanzu aka yi. Ku taya ni addu'a Allah ya sa wata rana in faɗa da gaske.